Abin da Ya Kai Mu Gazawa

Bara, ranar da kuka taru a majami'ar babanku don godiyar kaka, wani dattijo ya miƙe yana gaya wa yara cewa Ubangiji ne ya yi wa babanku, Malam Tanko, magana a mafarki, ya ce ya tashi ya nufi gabas. Na ga kuna gyaɗa kai, har Cima, babbarku, tana share hawaye da bakin gyale. Ban ce komai ba, don ba a gyara wa dattijo magana a gaban jama'a. Amma mutumin nan in ya yi mafarki ni ce ta farkon ji, tun kafin ya wanke fuska, kuma wannan bai yi shi ba. Kishi ne ya ɗauke mu daga ƙasar Gidan Sori ya kai mu Gazawa. Gara ku ji daga bakina da ku ji daga bakin wanda ba ya ƙaunarsa. Sunan nan nasa ma a takarda kawai na iya sa shi, da baki ban taɓa faɗa ba.

A ƙauyenmu gidajen masu bi kaɗan ne, majami'ar kuwa ɗakin ƙasa ce mai rufin kara. Ba mu da fasto. Sai lokaci ya yi ake turo wani daga Maradi ya yi baftisma, ya ba da jibin Ubangiji, ya koma. Sauran shekara duk babanku ne. Bai je makarantar koyon Maganar Allah ba, a gun mahaifinsa ya koyi karatu, amma Allah ya ba shi baki da haƙurin koyarwa. In an dawo daga gona ya yi wanka, sai ya shimfiɗa tabarma gindin dogon yaron ƙofar gida, maza su zo su kewaye shi. Wanda ya rasa yadda zai yi da ɗan'uwansa a kan iyakar gona, wanda aka yi wa ba'a a kasuwa don bangaskiyarsa, wanda matarsa ta yi yaji, duk nan suke zuwa. In aka ce Malam a garin nan, ba a tambayar wane. Ni kuma ina ciki ina daka, ina jin muryarsa ta saman danga. Na share majami'ar nan tun ina amarya, na dafa wa baƙinta, na iya waƙoƙinta da ka, amma in aka buɗe littafi sai in ga kamar tururuwa aka jera. Na taɓa roƙonsa ya koya mini, ya ce bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce har na daina tambaya.

Sani ya zo mana ne daga Cadawa wata damina, saurayi mai neman aikin gona. Yana noma da kyau, ba ya surutu. In Malam ya fara koyarwa sai ya zauna nesa kaɗan yana gyaran ƙotar hauya da ba ta lalace ba. Kafin a yanke hatsi ya matso bakin tabarma, kafin rani ya ƙare ya ba da gaskiya. Danginsa ba su kore shi ba, amma an ware masa kwano, shi kuwa ya kasa zama haka, sai ya dawo zaurenmu. Shekaru ya yi a nan. Babanku ya koya masa harafi, ya koya masa addu'a, ya riƙa tafiya da shi gaisuwar marasa lafiya, ya nuna masa yadda ake haɗiye magana in an tsokane ka. Ko abinci ba ya ci sai Sani ya sa hannu. Ni yana ce mini Inna, shi kuma Baba. Malam ne da kansa ya matsa wa dattawa a tura shi makaranta, ya sayar da ragonsa ya yi masa guzuri, ya nema masa auren Barira, ɗiyar ƙanwata. Duk baƙon da ya zo sai ya ji labarin almajirinsa da ke karatu a birni.

Shekarar da na yaye Auta Sani ya dawo, da takardar gama karatu, da moto, wato babur, da ikilisiyar yanki ta ba shi, da sunan fasto. Ranar Lahadin farko Malam ya riƙe hannunsa ya kai shi gaba, fuskarsa kamar ta ango. Sani ya yi wa'azi a kan yafe wa wanda ya cuce ka. Muryarsa ba ta kai ta Malam ƙarfi ba, amma ɗakin ya yi tsit, na ga mazan da ban taɓa ganin hawayensu ba suna sunkuyar da kai. Da aka fito, wani tsoho da ya daɗe a kan tabarmarmu ya kama hannun Sani ya ce yau dai an ji wa'azi a garin nan. Babanku yana tsaye kusa, yana neman takalminsa. Da muka koma gida na kawo masa tuwo, ya ce zafi ya hana shi ci.

Daga nan abin ya riƙa zuwa a hankali, kamar gara a ginshiƙi. Maza suka fara bi ta ƙofarmu su yi gaisuwa a tsaye, su wuce gidan fasto. Malam bai daina shimfiɗa tabarma ba. Sai ya zauna shi kaɗai da littafi a buɗe, in ya ji takun mutum ya ɗaga kai, in ya ga wucewa za a yi ya mayar da ido kan takarda kamar dama bai ɗago ba. Wani lokaci ya ce zai je duba rijiya, alhali hanyar rijiya ba ta bi ta ƙofar Sani, sai ya dawo yana cewa takalma sun yi yawa a can kamar gidan biki. A majami'a ya koma zama a layin gaba, yatsansa yana bin karatun, in Sani ya yi tuntuɓe a kalma sai ka ji tari. Kakarku Iya, mahaifiyarsa, ita kaɗai ke iya gaya masa. Wata rana tana ɓarar gyaɗa ta ce masa:

"Tanko, kai ka dasa itacen nan, kai ka yi masa ban ruwa. Yau ya yi inuwa, kana jin haushin masu zama gindinsa?"

Ya ce shi ba ya jin haushin kowa, gaskiyar Magana yake karewa kada yaro ya karkatar da ita. Iya ta ce to, ta ci gaba da ɓararta.

Don kada in zalunci babanku, shi ma Sani yana da nasa, na ƙuruciya. Akwai ranar da ake nazari bayan sujada, aka yi tambaya a kan wata kalma, Malam ya ba da amsar da ya saba bayarwa tun kafin a haife ku. Sai Sani ya ce, cikin ladabi amma a gaban kowa, a makaranta an nuna musu ba haka ma'anar take ba. Wasu samari suka yi 'yar dariya. Ƙila Sani ne da gaskiya, ban sani ba har yau. Amma da ya bari sai sun keɓe a zaure, da wataƙila har yanzu muna Gidan Sori.

Cikin wannan hali ne Sani da Barira suka buɗe ajin mata, ranar Laraba da la'asar, don koyon karatu da addu'a. Ban ɓoye zuwana ba, ban kuma nemi izini ba, don na san amsar. Mata muka zauna a tsakar gidansu, wasu da goyo, Barira tana riƙe allo, Sani yana nunawa. Ba zan iya gaya muku yadda na ji ba ranar da na haɗa haruffa da kaina suka zama kalmar da na daɗe ina rerawa a waƙa. Ina da 'ya'ya har da mai zuwa makaranta, amma na dawo gida ina tafiya kamar yarinyar da aka saya wa sabon zane. A ajin nan ne kuma na fara gane cewa ni ma ana iya tambayata me na fahimta, in faɗa, a saurara. Da can na ɗauka bin Almasihu ga mace shi ne shara da girki da amin.

Wata safiya ina tankaɗen gari, sai na rubuta sunana da yatsa a kan garin da ke faifai. Ban ji shigowarsa ba. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Wa ya koya miki?"

"Fasto ne, Malam."

"A cikin gidana ma Fasto ne?"

Ku fahimce ni da kyau, ba irin kishin da mutane ke saurin zato ba ne. Bai taɓa zargina da komai ba, kuma Sani ɗa ne a wurina. Abin da ya ci masa rai shi ne matarsa ta ɗauki tambayarta ta kai wa wani, kuma wanin nan shi ya koya masa riƙe littafi. Bai hana ni zuwa ba, don ya san Iya za ta ji, dattawa su ji. Sai dai kowace Laraba aiki ya riƙa tsirowa: a gyara rumbu, a kai saƙo gidan ƙanensa, a wanke rigar da aka wanke shekaranjiya. Ni kuma sai in tashi da wuri in gama duka in tafi. In na dawo ba ya tambaya, amma in na fara rera abin da muka koya sai ya tashi ya fita.

Bayan an shigar da hatsi dattawa suka zauna. Suka ce tun da Allah ya ba mu fasto, ajin masu shirin baftisma ya koma hannunsa, Malam kuma ya huta, ya zama uban ikilisiya mai ba da shawara. Da kyakkyawar niyya suka yi, har kujera mai hannu suka sa masa a gaba. Amma ajin nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage masa. Ya yi musu godiya, ya dawo gida ya zauna bakin rumbu bai cire hula ba. Kwana kaɗan bayan haka ya ce mu fara shiri, za mu koma gabas. Akwai wani ƙauye kusa da Gazawa, wajen iyaka, inda gidaje biyu na masu bi suke zaune ba mai koya musu. Wani ɗan kasuwa ya taɓa kawo masa maganarsu tun Sani yana makaranta, a lokacin ya ce wurin ya yi nisa, kuma ba ya barin gonar ubansa. Yanzu wurin ya matso.

Da Sani ya ji, ya zo da hantsi ya durƙusa a zauren da ya kwana shekaru. Ina bayan ƙofa ina ji.

"Baba, in ni ne, ni zan tafi. Garin nan naka ne. Ka bar ni in je gabas ɗin."

"Wa ya ce kai ne? Aikin Ubangiji ya kira ni, kana maganar kanka?"

Sani ya nemi gafara a kan maganar ranar nazari. Malam ya ce shi ya ma manta da ita, ya kuma maimaita ta kalma bayan kalma don ya nuna wadda ya manta. Sani ya tashi ya fita idonsa ja.

Iya ta ce ita ba inda za ta, a ƙasar nan aka binne mijinta. Ta kira ni ɗakinta ta ce in zauna da yara, in bar shi ya tafi shi kaɗai, yunwa da kaɗaici za su dawo da shi kafin ruwan shuka. Barira ta zo tana kuka, ta ce Inna, saura kaɗan ki fara karatu da kanki. Cima tana lakol, makarantar boko, kuma ƙauyen da za mu ba shi da lakol a lokacin. Duk wanda ya yi mini magana yana da gaskiya. Kuma ba zan ɓoye muku ba, raina yana wurin ajin nan fiye da gona da dangi. Na yi kwanaki ina sussuka ina tunani. Abin da na gani shi ne, Iya ta san ɗanta amma ban da wannan gefen nasa: ba zai dawo ba. Zai zauna can ya bushe da baƙin ciki, yana wa'azin ƙauna da ɗaci a baki, ba mai gaya masa gaskiya. Wata safiya na same shi yana ɗaure buhun wake, na tsaya har ya ɗago.

"Zan bi ka, Malam. Amma abin da aka fara mini ba zai tsaya ba. Tun da ka raba ni da malamina, kai ne malamin. Kuma kada ka ce mini bayan kaka."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce ai me yaron nan ya sani da zai koya mini, in bari mu isa in ga karatu. Da haka muka ƙulla.

Amalanke ya kai kayanmu bakin hanya, muka shiga motar kasuwa. Muka ratsa Maradi, da muka zo Cadawa, garin su Sani, babanku ya juya fuskarsa ɗaya gefen har muka fita. A ƙauyen da muka sauka, wani Alhaji Mamman, ɗan kasuwa Musulmi da kakanninsa suka zo daga wajen Katsina, shi ya ba mu aron ɗaki da 'yar gona. Ya ce shi bai san addininmu ba, amma ya san haƙƙin baƙo. Ku riƙe zumunci da gidansa. Gonar jigawa ce, shekarar farko ba ta ciyar da mu ba, na yi ta soya ƙosai ina kaiwa kasuwar Gazawa. Karatun Cima ya tsaya, bai kuma tashi ba, ita ta fi kowa biyan kuɗin tafiyar nan kuma ba ta taɓa faɗa ba. A shekara ta biyu Iya ta rasu. Kafin labari ya zo mana, kafin Malam ya samu mota, an riga an binne ta. Sani ne ya zauna da ita a ciwonta, shi ya yi mata addu'ar ƙarshe, shi ya tsaya a bakin kabari. Babanku ya je ya dawo. Abin da ya ce kawai shi ne, har uwar ma Sani ne ya samu.

Alkawarin karatu kuwa ya cika shi. Kullum bayan addu'ar safe sai ya zaunar da ni. Malami ne mai tsanani a kaina, abin da bai taɓa yi wa maza ba. Duk inda muka zo sai ya tambaya, shi yaron nan yaya ya ce miki a nan? In na ce kamar yadda ka faɗa, sai ya ce to a ina ya samo in ba wurina ba. In na ce dabam ya faɗa, sai ya wuni yana buɗe littafi gaba da baya don ya nuna mini nasa ne daidai. Ta haka na sha karatu ninki biyu, don mutum biyu ke koya mini, ɗaya yana nan ɗaya yana Gidan Sori bai ma sani ba. Amma a tabarmar nan ne muka fara zama ni da shi muna magana da ba ta hatsi ko ta yara ba. Ina yi masa tambayoyin da maza ke jin nauyin yi. Na taɓa tambayarsa, in mutum ya ce ya yafe amma ba ya son jin an yabi wanda ya yafe wa, ya yafe ke nan? Ya ce bai sani ba. Tun da na aure shi ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Daga lokacin wa'azinsa ya sauya. Ya rage tsawa, ya fara cewa mu a inda da yake cewa ku, mutane kuma suka fara zuwa daga ƙauyukan kewaye. Gidaje biyun nan su ne suka zama majami'ar da kuke gani. Da mata suka fara taruwa wurina da la'asar ina nuna musu harafi, shi ya sassaƙa mini allo, ko da yake in sun yi yawa nakan ji tarin nan daga zaure.

Ciwon bai rabu da shi duka ba. Duk matafiyin da ya zo daga yamma, sai ya tambaye shi ruwa, ya tambaye shi lafiyar dangi, sannan kamar abin ya faɗo masa ne, ya ce majami'ar can fa, tana cika? In aka ce har an ƙara mata faɗi, sai ya ce madalla, ya daɗe yana murza gemu. Sani yana aiko da gaisuwa da goro duk shekara. Malam yana amsawa, yana rabar da goron, bai taɓa cin ko ɗaya ba.

A ciwonsa na ƙarshe, bayan an sallamo shi daga likita ƙafafunsa sun kumbura, wata rana da azahar muka ji moto ya tsaya a ƙofa. Sani ne, da furfura a gemu, ya sha ƙurar hanya. Ku kuna birni, ni kaɗai ke nan. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kusa da gado ya ce Baba. Bayan gaisuwa ya ce akwai wani wuri a Magana da ya daɗe yana ba shi wuya, ya zo a warware masa. Ko da gaske ne, ko don ya faranta masa ne, ban tambaya ba. Mutumin da sai an ɗaga shi ya sha kunu ya ce in sa masa matashi a baya. Suka yi ta yi har la'asar, Malam yana ɗaga yatsa, Sani yana cewa haka ne, wani wurin kuma yana cewa a'a Baba, suna ja. Da zai tafi, babanku ya ce ya yi mana addu'a. Sani ya durƙusa ya yi, ya yi sallama ya fita.

Malam ya daɗe idonsa a rufe, har na ɗauka barci ne. Sai ya ce:

"Kin ji addu'ar nan?"

"Na ji, Malam."

"Tawa ce. Har inda nake tsayawa in ja numfashi, nan yake tsayawa."

Na ce haka ne. Ya juya fuskarsa ga bango, ya faɗa a hankali, kamar mai haɗiye magani mai ɗaci:

"Amma ya fi ni iya ta. Duba ko ya yi nisa, ki ɗebar masa wake ya kai wa Barira."

Na cika ƙwarya na fita da sauri. Bai tafi ba. Yana tsaye bayan danga, hannunsa a kan moton, yana kuka ba sauti. Na buɗe jakarsa na juye waken, na ce babansa ne ya ce a ba shi.